Rakiyar da Hajiya Ta Yi wa Ɗan Tsere

A shekarun da muka zauna a Alkahira, lokacin da zanga-zanga ta zama kamar kasuwar mako, Baba ya kafa mini doka: daga gidanmu na Zamalek sai makaranta, daga makaranta sai gida. Shekarata sha biyar, amma ko burodi aka aike ni saye sai Umma ta leƙo ta baranda tana bin ƙeyata da ido. Abokaina sun san Wustul Balad, tsakiyar birnin, lungu-lungu, ni kuwa matakalar benenmu na sani.

Sai na ji za a yi babban tseren motoci na hamada, daga gindin dala za su tashi. Na roƙi Baba har muryata ta dishe. Daga ƙarshe ya ce, "Ka tafi da kakarka. In ka dawo mini da ita lafiya, ba abin kunya, na sake ka ka riƙa fita kai kaɗai. In aka samu akasi, kai da titi sai ka yi gemu."

Hajiya mahaifiyar Baba ce. Daga Katsina ta zo aka yi mata aikin ido, kuma tun da aka cire bandeji ba abin da ya ƙara tsira a garin. Komai sai ta gani, komai sai ta tanka.

Tasi muka shiga da hantsi. Direban ya haye gadar Nilu hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya da kofin shayi, yana ratsa motoci ta inda ko akuya sai ta tsuke ciki. Hajiya ta riƙe jakarta ta ce mini, "Maigida, an fara tseren ne ba ka gaya mini ba?"

"Ba mu ma isa ba, amarya."

"To in wannan ba ya ciki, an zalunce shi."

Da ta hango dala sai ta yi a'uziyya, ta ce aikin Fir'auna ne. Sannan ta sa ni na ɗauke ta hoto a gabansa.

Ni a zatona motocin za su yi ta zagaye a gabanmu har yamma. Ashe layi suke yi a bayan igiya, mai tuta ya ɗaga wa ɗaya, ta yi kururuwa ta nutse cikin yashi, a ɗan jira, a saki ta gaba. Hajiya ta kalli wannan abu ta tambaye ni yaushe za su dawo. Na ce sai bayan kwanaki, a daji za su riƙa kwana.

"A daji? Wa ya rako su?"

"Ba a raka su, Hajiya."

"Ba uwa, ba ƙanwar uwa, ba mai cewa Allah ya kiyaye hanya?"

Na juya don in ɗauki hoton wani babur. Ina waiwayowa, babu kakata. Matar da a gida sai an miƙa mata hannu take tashi daga tabarma, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya tana tafiya kamar an kira ta. Ta nufi wata jar mota da ke dab da mai tuta, ta ƙwanƙwasa gilashi. Baturen ciki, kansa cikin hular kwano, ya zuge 'yar tagar. Ta zaro ƙullin dambun nama daga jaka ta cusa masa a cinya.

Nan na ga gemun nan da Baba ya ambata yana tsiro mini, fari fat.

Wani Bamisire mai kula da layi ya taho a guje yana kiran Hajiya da harshensu, "Ya Hagga, ya Hagga." Kafin ya iso ta ɗaga hannu ta fara addu'a. Ya ja birki da ƙafafunsa. Tsohuwa tana addu'a, wa zai katse ta? Ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga nasa hannun ya ce amin. Ɗan sanda ya zo don ya fitar da su, shi ma ya ce amin. Mai tuta ya soke tutar a hammata. Baturen ya ga kowa ya buɗe tafi, sai ya buɗe nasa cikin safar hannu. Hajiya ta roƙar masa tsari daga maciji, da ƙishirwa, da mugun abokin tafiya, har abokin nasa da ke kujerar gefe ya gyara zama. Aka shafa, ta bugi bayan motar ta ce, "Yalla, a gaida mutan gida."

Da ta dawo bayan igiya na ce, "Kin kashe ni, Hajiya."

"Kishi kake yi don na ba wani dambu."

A hanyar komawa na biya da ita Wustul Balad na saya mata koshari, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, ko za ta rufa mini asiri. Ta cinye tas, ta ce mai dafa shi ya kasa yanke shawara ne.

Muna shiga gida Baba ya dube ni, ya dube ta. "Hajiya, yaya ɗan rakiyar naki?"

Ban ko zauna ba ta kwashe labarin duka ta ba shi, har da amin ɗin ɗan sanda. Ba dama Baba ya kira addu'ar mahaifiyarsa abin kunya.

"Yaron nan ya san hanya," in ji ta. "Ka bar shi ya riƙa fita."

Baba ya ce ya bari. Na fara murmushi.

"Gobe zai kai ni kasuwar yadi," ta ƙara. "Jibi gidan namun daji. Akwai kuma wani masallaci da na hango daga tasi."

Har ta koma Katsina ban taka titin Alkahira ba sai da jakarta a kafaɗata.