Kitso Ta Bakin Taga

Duk unguwar, Mai Kitso ake ce mata, har yaran da aka haifa a gabanta ba su san tana da wani suna ba. Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene: madubi mai tsaguwa a gefe, kujera 'yar tsugunno, da gwangwanin tsinkaye da mataji. Akwai ta da faɗa, akwai ta da kyauta. In kika motsa kai tana tsaga, sai ta ranƙwashe ki da bayan mataji, in kika tashi tafiya kuma ta cusa miki man gashi a jaka.

Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ya ba ta ƙanwarta Auta. Mahaifiyarsu ta rasu Auta ko yaye ba a yi mata ba, Mai Kitso ce ta goya ta, ta kai ta makaranta, ta kai ta ɗakin miji. A kan Auta ta koyi kitso, kuma tun daga nan babu hannun da ya taɓa kan nan sai nata. Auta da ke ihu in wani ya kusanto ta da mataji, a cinyar yayarta barci take yi tun kafin a gama layi na biyu.

Cikin Auta na fari ya fara fitowa ke nan annoba ta shigo gari. A wurin awo ungozoma ta zayyana mata dokoki: kada ta fasa zuwa awo, ta sa takunkumi in za ta fita, ta yawaita wanke hannu, ta nisanci masu shiga jama'a, in ta ji zazzaɓi ko numfashi ya yi mata nauyi ta kira nan take. Mijin Auta ya zo har ƙofar shago, ya tsaya nesa yana sosa ƙeya.

"Yaya, don Allah kada ki ɗauke ta da wata manufa. Aikinki kai da kai ne, numfashin mata kike sha safe da yamma. Ki ɗan dakata da zuwa."

"To wa zai kula da ita?"

"Malama ta dawo wurinmu, tunda an rufe makarantu."

Malama ƙanwarsa ce. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa yi wa Mai Kitso komai ba, wannan ne ma ya fi ƙona mata rai, don ta rasa inda za ta kama ta. Ana cewa kishi kumallon mata, ita dai ba ta taɓa sanin ana yin sa a kan ƙanwa ba sai da ya turnuƙe ta. In ta kira waya, sai ta ji Malama ta ce a buɗe tagogi iska ta shiga, Malama ta dafa ganye, Malama ta ƙirga motsin yaro. Abincin da Mai Kitso take ajiyewa a bakin ƙofarsu ma Malama ce ke ɗauka, har da yi mata godiya, sai ka ce baƙuwa ta kawo sadaka.

Ranar da suka yi kiran bidiyo ɗankwalin Auta ya zame, Mai Kitso ta ga abin da ya hana ta cin abinci: wasu kitso huɗu karkatattu, tsagar kamar kaza ta yi tono.

"Wa ya taɓa miki kai?"

"Yaya, ƙaiƙayi ne ya dame ni, Malama ta ɗan kama min."

"Kama dai. Ai na ga kamu."

Da ta ji cewa asibiti mutum ɗaya kawai suke bari ya raka mai naƙuda, sai ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ta sa wa shago kwado, ta killace kanta kamar yadda ungozoma ta ce, don ta koma gidan Auta kafin haihuwa, ta yi mata ƙananan kitson da take yi wa duk mai tsohon ciki, wanda ba ya tsefewa sai jego ya yi nisa. Ko kasuwa ta daina zuwa. Burinta ɗaya ne: ranar nan a ce wa Malama ta zauna gida ta dafa ruwan zafi.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Kwanakin killacewar sun kusa cika, sai matar direban da ke maƙwabtaka da ita ta ƙwanƙwasa ƙofar baya, ta zame ɗankwali. Gashi ya cukurkuɗe, ya dunƙule, mijinta kuma ya dawo daga doguwar tafiya. Mai Kitso tana iya ganin komai ta kau da kai, ban da kai a wannan hali. Ta ce layi shida kawai, a tsakar gida. Zafi ya ishe su, kowacce ta sauke takunkuminta ƙasan haɓa, hira ta yi daɗi.

Safiyar da za ta tafi gidan Auta, ta riga ta ɗaure jaka, ta ji ana cewa an kwashi direba da matarsa zuwa asibiti, gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar.

Ita ko tari ba ta yi. Babu kuma wanda ya ga shigar matar. Ta ɗauki jakarta ta kama hanya, tana tafe tana gaya wa kanta lafiyarta ƙalau, tana hango Malama a ɗakin haihuwa riƙe da hannun Auta, zuciyarta na tafasa. A haka ta isa.

Auta ce ta buɗe ƙofa da kanta, ciki ya yi gaba, ƙafafu sun kumbura, ta ware hannuwa. "Yaya!"

"Tsaya nan! Kada ki matso. Koma ciki, rufe ƙofar."

Daga bakin titi ta gaya musu abin da ya faru, ba ta rage komai ba, ta ce gobe za ta je gwaji. Auta ta fashe da kuka. Mai Kitso ta zagaya ta wajen tagar falo, ta ja baya sosai, ta gyara takunkumi.

"Malama! Ɗauko kujera. Ki tsefe wannan abin kunyar da kika yi."

Malama ta ce to, Yaya. Ta zaunar da Auta a ƙasa kan matashi, inda haske ke faɗowa. Mai Kitso tana daga waje tana ba da umarni da faɗa: tsaga daga goshi, ba nan ba, ke ba ki ga ya karkace ba ne, ɗebi kaɗan, sassauta hannu. Yatsunta na kitsa iska ba ta sani ba. Da Malama ta nufo bayan kunnen hagu, Auta ta ɗan noƙe. Mai Kitso ta san dalili. Abin da ya rage mata ke nan wanda ba wanda ya sani. Duk da haka ta ɗaga murya.

"Akwai tabo a nan, na faɗuwar da ta yi tana rarrafe. Kada tsinke ya taɓa shi. Ki ɗora babban yatsanki a kai ki danne, sannan ki kitsa ta gefe."

Malama ta danne wurin. Kafaɗun Auta suka saki. Layi ɗaya, layi biyu, sai ga kanta ya langaɓe a kan cinyar Malama, baki a ɗan buɗe, tana barci.

Malama ta ɗago da murna za ta yi magana, Mai Kitso ta ɗora yatsa a kan takunkuminta, kada a tashe ta. Ta daɗe a tsaye tana kallonsu, kishi na cin ta har ƙashi, ga shi tsagar ta miƙe sarai, babu abin kushewa. Sai ta ɗauki jakarta ta juya gida.