Saƙon Ango a Gidan Mai Lalle

Wata rana na je ƙunshi gidan Anti Kubura mai lalle, na tarar da layi. Na zauna kusa da wata amarya da ban sani ba. An zane mata hannu har gwiwa, ta baje yatsu tana jira ya bushe. Saura kwana uku a ɗaura mata aure.

Sai wayarta ta yi ƙara a kan cinyarta.

Ta ce, "'Yar'uwa, don Allah karanta min, angon ne. In na taɓa wayar nan Anti Kubura sai ta cinye ni ɗanya."

Na ɗauka na fara karanta mata a hankali.

Ni da littattafan soyayya na aro na koyi karatu, amma ban taɓa cin karo da kalamai masu daɗin waɗannan ba. Har na ce a raina, ina ma ni ce.

Sai na iso layin ƙarshe.

Ga abin da ke wurin: "Kana so in sake tsara maka shi ya fi haka taɓa zuciya?"

Ashe ba shi ya rubuta ba. Manhajar nan da ke tsara wa mutane magana ce ta rubuta masa. Ya kwafo, ya turo, ya manta bai goge tambayarta ba.

In faɗa mata? In tsallake?

Ta kalli fuskata ta ce, "Ya sake mantawa bai goge ƙasan ba ko?"

Na ce, "Dama kin sani?"

"Tun azumi. Ni ma ita ke rubuta min amsa."

"To in ya zo zance fa?"

"Mu gaisa, kowa ya ciro wayarsa."

Ba ta yi kuka ba. Hura hannunta kawai ta yi, ta ce in buɗe mata tata manhajar ta ba shi amsa mai daɗi, kada ya ga ta daɗe.

Na buɗe. Na kwafo. Na tura.

Ranar Asabar za a kai ta ɗakin mutumin da ba ta taɓa jin kalma ɗaya daga zuciyarsa ba. Shi ma haka.

Darasi: Mun ba na'ura aron bakinmu, ta riƙe, kuma babu mai neman a dawo masa da shi. Ni dai in da mai sona, ya faɗa min da bakinsa ko da in'ina yake yi. Sai dai ban san ko irinsa sun saura ba.

Ki tura wa ƙawarki. Na san a waya za ta karanta, amma wace hanya ta rage mana?