Biyar Nake Yi Musu a Safa da Marwa

Na yi shekara huɗu ina tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa. Sau bakwai ake yi, ni biyar nake yi musu. Abin da ya kai ni kurkuku ke nan, shi da katin jabu.

A Hindawiyya, wata unguwa kusa da Harami, aka haife ni. Kakana ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano, bai koma ba. Ubana ya mutu ba shi da iƙama, wato takardar zama, ni ma na tashi ba ni da ita. Makaranta ba ta karɓe ni ba. Larabcina ya fi Hausata, amma a titi sunana Takari. In na hango motar askarawa, lungu nake shigewa.

Da na zama saurayi na fara turin keke a Harami ba izini. Askarawa su kore mu, su ƙwace keken. Wata rana wani mutum a unguwar Mansur ya ce zai yi min kati da riga irin ta masu izini. Na san jabu ne, na karɓa. Ranar da na sa rigar, askarin ƙofa ya amsa min sallama. Tunda nake, askari bai taɓa amsa min ba. Daga ranar na daina Hausa a Harami. In alhajin Najeriya ko na Nijar ya yi min magana, da Larabci nake amsawa.

Da gajiya ragin ya fara. Wani tsoho ya yi barci a keke, muna isa Marwa a zuwa na biyar na tashe shi na ce an gama. Ya yi min addu'a. Biyar ma a Marwa take ƙarewa kamar bakwai, shi ya sa ba sa ganewa. Daga nan na riƙa zaɓar masu gyangyaɗi da masu kuka, don su ba sa ƙirge.

Rannan bayan la'asar na ɗauki wata tsohuwa 'yar Damagaram. Ban lura ba, ashe duk zuwa ɗaya sai ta ƙulla bakin mayafinta. Da na tsaya ta ce, “Ɗana, saura biyu.”

Na yi kamar ban ji Hausa ba. Ta riƙe keken, ta ƙi sauka. Wani askari baƙi ya matso. Na riga ta magana, na ce masa da Larabci tsohuwar ta rikice. Bai kalle ni ba. Ya durƙusa gabanta ya ce da Hausa, “Iya, nawa kika ƙirga?”

Ta nuna masa ƙulli biyar. Ya karɓi katina, duba ɗaya ya yi masa. Ya ce min, da Hausar nan da nake ɓoyewa, “Ƙarasa mata tukuna.”

Na tura ta biyun, yana biye da mu. Tana yi masa addu'a tana haɗawa da ni. A Marwa ya sa min ankwa.

Shekara biyu na yi a tsare. A ciki na haɗu da wani malami ɗan Sakkwato da aka kama ba takarda. Na gaya masa komai. Ya ce wanda bai cika bakwai ba, aikinsa bai cika ba. Ya tambaye ni mutum nawa ne. Na ce ban sani ba. Ya ce su Allah ya san ba su sani ba, nauyin yana wuyana.

Ku samari, rashin takarda ba laifina ba ne, kuma na sha wuyarsa. Amma tsofaffin nan ba su suka hana ni ita ba. In an wulaƙanta ku, kada ku huce a kan wanda ya amince da ku. Kada kuma ku ɓoye harshenku don a amsa muku sallama.

Da na gama zaman kurkuku, aka ɗauki hoton yatsuna, aka sa ni a jirgi zuwa Kano, garin da ban taɓa gani ba. An hana ni komawa. Uwata tana Hindawiyya, sai dai mu gaisa a waya. Waɗanda na cuta ban san sunansu ba balle in nemi gafara. Shi ya sa in lokacin Hajji ya zo nake zuwa bakin sansanin alhazai, ina tare tsofaffi ina ce musu su ƙirga da kansu. Wasu su ji, wasu su ɗauka taɓin hankali ne.

Yanzu ina Kano, dako nake yi a kasuwa.