Ɗigon da Zhor Ta Bayar

Zhor 'yar Zagora ce, cikin dabino ta tashi, kuma a gaban idonta cutar bayud ta cinye gonar mahaifinta. Abin da ya kawo ta ɗakin bincikenmu a Marrakesh neman digirin dokta ke nan. Teburina na jikin nata, don haka ba labari aka ba ni ba.

Aikinta ƙera firaima ne, wato ɗan guntun DNA da zai manne wa ƙwayar bayud ita kaɗai, a hayayyafa wurin har a gane cutar tun bishiya ba ta nuna alama ba. Sai ta tsara, ta zuba a na'urar kwatanta jeri, na'ura ta nuna yana kama wata ƙwayar ma, ta watsar ta sake lale. Shekaru ta yi a haka, har muna kiranta amaryar kwamfuta. Ranar da ta dace kuwa, guɗa ta rangaɗa a tsakiyar ɗakin.

To mu a nan daga waje ake odar firaima, sai kayan su yi watanni a kwastan. Shi ya sa ba a hana abokin aiki ɗigo, kamar gishiri tsakanin maƙwabta, kuma abin kunya ne ka tambayi me za a yi da shi. Rannan Si Mbarek, abokin aikinmu na ɗakin binciken sama, wanda kowace Juma'a hannunsa ke cikin kwanon kuskus ɗinmu, ya leƙo.

"Lalla Zhor, a sammana ɗigo mana, ko sai na durƙusa?"

"Kai dai Si Mbarek, roƙo kamar kyanwar mahauta! Ungo, ɗan'uwa."

Kwalbar gaba ɗaya ta miƙa masa, jerin a rubuce a jikinta.

Ana gab da kare kundinta ta sake zuba jerin a na'ura don ta ƙara tabbatarwa. Sai ga shi ya fito daidai wa daida, an yi masa rajista da sunan Mbarek.

Ta hau sama, ina biye. Muka tarar yana zuba shayi, ko gezau.

"Haba 'yar'uwa," in ji shi, "ilimi ai na kowa ne. Ke kika tsaya jan ƙafa."

Tir da hali! Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Malaman da za su jarraba ta suka ce su abin da ke kan rajista suka sani: ko ta rubuta a kundinta cewa da firaimar Mbarek ta yi aiki, ko babu digiri. Na ce mu kai ƙara. Ta ce, "Da wace shaida? Ana rubuta ɗigo ne?" Ga tsohonta ya riga ya baza wa duk Zagora cewa 'yarsa za ta zama dokta.

Da hannunta ta rubuta sunansa, ta ci jarrabawar. Tana nan a teburinta har yanzu, amma in ka kira ta Dokta ba ta waiwayowa.