Ƙurar Masaƙa a Ƙirjin Yayana

Yayana ne ya kai ni masaƙa a Kaduna, ya tsaya mini aka ɗauke ni a sashensa, inda ake kwance dilolin auduga. Mu yanke ƙarfen da ya ɗaure dila, mu riƙa yago audugar muna shimfiɗawa a kan bel. Bel ya kai ta bakin inji mai haƙoran ƙarfe, ya tsefe ta, ya buge ta, tsakuwa da ɓawo da guntun gurya su zube, iska ta zuƙe mai tsabtar ta bi bututu. Ba ma jin maganar juna, sai da hannu. In aka tashi, girarmu fari fat.

Da masaƙar ta rufe muka dawo Zuru. Na kama kabu-kabu, shi kuma ya koma gonar babanmu a gindin dutse. Ba ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya dafa fartanya yana tari.

Na kai shi asibiti a bayan babur. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce, "Baba, kana shan taba?"

"Ban taɓa sha ba."

"Wane aiki ka yi?"

Ya faɗa masa. Likita ya ce ƙurar ta riga ta zauna, ba ta fita, sai dai a rage masa wahala. A hanyar gida na tsaya na sha mai, muka wuce.

Daminarsa ta ƙarshe a gindin mangwaro ya yi ta. Wata rana matarsa ta farke tsohon matashin kai tana shanya audugar ciki a kan tabarma. Ya jawo tabarmar, ya shiga tsince dattin da yatsu.

"Wannan ba ta ga inji ba," in ji shi.

"Yaya, bari, za ta tayar maka da tari."

Bai bari ba.

Ranar kasuwa ya rasu. Na ɗauko wata mata da buhun masara a hanyar Sakaba sai waya ta yi ƙara, matarsa ce. Na ce to. Na kai fasinjata har ƙofar gidanta, na sauke mata buhun, sannan na juya.

A gida dattawan coci suka aike ni kemis in sayo audugar da za a sa masa a hanci. Na tsaya ina juya ta a hannu, fara tas, ba ko tsinke. Mai kemis ya ce ko akwai wani abu. Na ce babu.

An yi waƙoƙi da yarenmu na Dakarci, aka rufe shi kusa da babanmu. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Da masu gaisuwa suka watse na je gonarsa, na tarar ciyawa ta kusa shanye dawar. Na ɗauki fartanya na fara daga ɓangaren rafi.