Langar Malam

A Farin Dutse, idan aka turo sabon malamin firamare, mai gari ne ke zaɓar gidan da zai riƙa ciyar da shi. Wanda aka turo mana daga Birnin Kudu, da kekensa da 'yar akwatinsa, gidanmu ya faɗo. Inna ta ware masa langa mai murfi, ba mai taɓa ta. Ko shekarar da gero ya ƙi, mu a rage mana, shi a cika masa. "Ɗana" take ce masa, mu da ta haifa kuwa sai "kai".

Daga baya ya ajiye alli ya shiga siyasa, har ya zama ɗan majalisar tarayya. Tun daga nan sai dai mu gan shi a fasta, ya yi kumatu. Ni na daɗe da cire shi daga raina. Inna ce ba ta yarda a zage shi a gabanta.

Da Baba ya rasu, aka aiko cewa zai zo ta'aziyya ranar sadakar uku. Inna tana takaba, amma ta sa aka ciro langar nan aka wanke, aka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka irin wadda yake so. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta ce mata, "Ɗana yana hanya."

Ya iso bayan azahar da jerin motoci. Ya ɗosana a bakin tabarma a ƙofar gida, ko takalmi bai cire ba. Ya ɗaga hannu don addu'a, mai hoto na ɗauka ya shafa. Na matsa na ce, "Malam, Inna na jiranka a ciki."

"Onarabul ake cewa," in ji wani mai baƙin tabarau a bayansa.

Shi kuwa agogo ya duba. "A ba ta haƙuri. Ana jiranmu a Gwaram."

Zaure ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Inna. Wallahi tun ranar na tsani mutumin nan, kuma har yau ban huce ba.

Na shiga ciki. Inna ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Ta ce a kai wa masu zaman makoki tuwon, a dawo mata da langar. Da hannunta ta cika ta da ruwa, ta ajiye a gindin rumbu.

Har ta rasu, a ciki kaji suke sha.