Goron da Lam Bai Karɓa Ba

Wanbok direban tasi ne a Shillong ta ƙasar Indiya, kuma duk duniya bai mallaki komai ba sai labari guda. Gidan da yake kwana na matarsa ne, Kong Aitimon, don ita ce autar uwarta, mu nan kuwa gado na 'yar auta ne. 'Ya'yan da ya haifa sunan danginta suke amsawa. Motar ma, in an bi diddigi, ta yayanta ce, Bah Teibor. Abin da ya rage wa Wanbok sai gashi har kafaɗa, wanda na tsakiyar kai ya daɗe da yin sallama, da rigar fata mai warin daminar bara, da labarin nan.

Labarin ma ba wani mai tsawo ba ne. Yana saurayi, wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ga wani tsaye a bakin hanya rungume da jita cikin leda. Ya ɗauke shi ya kai shi wurin wasa. Ashe Lam ne, mawaƙin 'Yan Tsawa, masu kiɗan rok ɗin nan da ya raba 'ya'yanmu da coci. Da zai sauka, ya ciro goron nan namu da ake naɗewa a ganye da farar ƙasa, ya raba biyu, ya ba Wanbok rabi, ya ce, "Daga yau kai ɗan'uwana ne." Shi ke nan fa. Wani ya yi magana don kada ya biya kuɗin mota, wani ya ɗauke ta ya gina gida a ciki.

Tun daga nan duk wanda tsautsayi ya sa ya shiga motarsa sai ya sha kaset ɗin 'Yan Tsawa, ya kora da labarin. Mata masu zuwa kasuwa sun haddace shi, har sukan riga shi faɗin "ɗan'uwana". Lam kuwa ya koma Mumbai, ya yi suna, bai ƙara waiwayo ba.

"Ɗan'uwan nan naka," in ji Aitimon, "ko bikin 'yarka ya leƙo?"

"Mutum ne mai harkoki."

"Shi mai harkoki, kai mai gashi."

Sai ga labari 'Yan Tsawa za su zo gida su yi wasa a filin ƙwallo. Wanbok ya kasa zama. Ya bi tasha yana shaida wa direbobi su zo su ga yadda ake rungumar mutum. Ya matsa wa matarsa da Bah Teibor sai sun bi shi, don su ne suka fi kowa yi masa dariya. Ya zaɓo goro mai kyau da ganye sabon tsinka, ya naɗe da hannunsa, abin da bai taɓa yi wa surukarsa ba har ta mutu.

Da la'asar aka fara. A cikin tsofaffin 'Yan Tsawa Lam kaɗai ya rage, sauran duk haya ne. Ya fito da tumbi a gaba, gashi baƙi wuluk kamar an shafa masa man takalmi, ga haƙora farare tas jere kamar sababbin farantai. Bayansa an rataya ƙaton hotonsa yana tallan man goge baki. Ya fara waƙa a ƙasa-ƙasa, da an zo inda ake ɗaga murya sai ya miƙa wa jama'a makirfo, shi ya tsaya yana haki. Wanbok ne ya riƙa cike masa gurbin, jijiyoyin wuya a waje, yana satar kallon matarsa.

Bah Teibor ya ce, "Suruki, da mun sani ai a motarka za mu zauna. Kai ne ma mawaƙin."

"Sanyin garin ne ya kama masa murya."

"A garin nan aka haife shi," in ji Aitimon.

Waƙa ta lalace, to, amma ba don waƙa Wanbok ya tara shaidu ba. Ana tashi ya kutsa bayan dandali, su biyun na biye, direbobin tasha na leƙe ta shinge. Ya tari Lam a bakin mota, ya miƙa goron da hannu biyu.

"Lam! Ɗan'uwa! Ni ne mai tasi, ranar ruwan nan!"

Bah Teibor ya ce, "Faɗa masa wacce. Garin nan kullum ranar ruwa ce."

Lam ya buɗe farantansa, ya ce, "Sannu, Kawu." Kawu! Alhali Lam ɗin ne ya girme shi. Ya dubi ganyen kamar an miƙo masa kwaɗo, ya ja da baya. "A'a, na daina. Likita ya hana, yana ɓata haƙori."

Mu nan ba a mayar da hannun mai goro. Ko maƙiyinka ne ya miƙo, ka karɓa ka sa aljihu, in ka sha kwana ka yar. Lam ya sani sarai, uwarsa da jan goro a baki aka binne ta. Amma ko taɓawa bai yi ba. Ya zaro biro ya zana wa Wanbok sunansa a hannun riga, ya shige mota, aka ja gilashi.

Hannun Wanbok na nan a miƙe. Aitimon ta zare goron, ta jefa a baki, ta tauna a hankali, ta tofar da ja a gefen takalminsa.

"Farar ƙasar ma ta yi yawa," ta ce. "Gara da bai ci ba, da ka ƙona wa ɗan'uwanka harshe. Wuce ka kai mu gida."

Washegari kafin ya faka, tasha ta ɗauka: "Kawu ya iso! A ba Kawu hanya!" Sunan ya bi shi har yau, jikokinsa ma da shi suke kiransa. Kaset kuwa ba wanda ya ƙara jin sa. Matan kasuwa yanzu rububin motarsa suke, wai ita kaɗai ce ake iya gyangyaɗi a ciki. Kwanan baya wata baƙuwa ta gaji da shirun, ta ce, "Direba, kai ba ka da labari ne?"

Ya dube ta ta madubi, ya ce, "Ina za ki sauka?"